Za mu kai yara hutu Legas su ga teku: ina za mu je, me za mu kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Kano ne. Yayana ya daɗe a Agege, kullum shi ke zuwa gida, mu ba mu taɓa kai masa ziyara da iyali ba. Bana mun yanke shawarar yin hutun Disamba a wurinsa, kwana goma, ni da maiɗakina da yara huɗu da Hajiyarmu. Akwai kuma abokaina biyu na makaranta da nake son gani, ɗaya a Ikorodu, ɗaya a Obalende. Yara sun ƙwallafa rai a kan teku da shiga jirgin ruwa. Babbansu shekararsa 15, ya iya iyo ƙwarai, a dam yake yi. Ina ya kamata mu je, kuma me za mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da ladan zumunci, ya kawo ku lafiya.

A cikin tambayarka duka, layin da ya tsaya mini a rai shi ne na yaron nan da ya iya iyo. Shekarata 19 a aikin jiragen fasinja na Legas, tun ina yaron jirgi mai ɗaure igiya har na riƙe sitiyari, kuma asalin mahaifina Yawuri ne, a bakin Neja na fara sanin ruwa. Don haka na san abin da mutumin Arewa yake nufi in ya ce ya iya ruwa. Yana nufin kogi, ko dam, ko kududdufi. Waɗannan duka ruwa ne mai hali ɗaya: ko yana tsaye, ko yana tafiya gefe guda, ka san inda ya dosa. Teku kuwa yana zuwa yana komawa a lokaci ɗaya, ƙasar da ka taka yanzu ba ita za ka taka bayan minti biyar ba. Yawancin waɗanda na ga an tsamo a bakin tekun Legas ba waɗanda ba su iya iyo ba ne. Wanda bai iya ba tsoro yake ji, daga idon sawu yake tsayawa. Matashin da ya yarda da kansa shi ke shiga har ƙirji. Saboda haka a tafiyar nan, ƙananan uku sun fi sauƙin tsaro a kan babban.

Bari in bayyana maka yadda abin yake, don ka iya gaya masa da hujja. Yaro mai shekara 15 ba ya jin "kar ka shiga" in babu dalili a bayanta.

Gaɓar Legas tana fuskantar kudu, babu tsibiri babu komai tsakaninta da tsakiyar Atlantika. Igiyar ruwan da ke dukan ta daga nesa ƙwarai take tasowa, ta iso da nauyinta. Ga shi yashin gaɓar a gangare yake, ba shimfiɗaɗɗe ba, shi ya sa igiyar ba ta mutuwa a hankali daga can ciki, sai ta zo dab da ƙafarka ta fashe gaba ɗaya. To duk ruwan da ta tura kan tudu dole ya koma. Ba ko'ina yake bi ba, inda yashin ƙasa ya ɗan rame yake nema, sai ya taru a nan ya zama kamar kwararo, yana gudu zuwa cikin teku. Faɗin kwararon nan sau da yawa bai wuce na titi ba, amma in ya yi ƙarfi yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya, gudun da ko gwanin gasar iyo na duniya ba ya iya tsallake shi gaba da gaba.

Abin da ya sa yake cin mutane shi ne kamanninsa. In ka tsaya a tudu ka duba, za ka ga hagu da dama igiya tana fashewa, fari fat da kumfa, a tsakiya kuma ga wani wuri shiru, ruwansa ya fi duhu, babu hayaniya. Uba mai hankali sai ya ce wa yara, "Ku koma can, ya fi lafawa." Kallon kitse ne ake wa rogo. Wurin ya yi shiru ne don ya fi zurfi, kuma ta nan ruwa ke fita. In ka ƙura ido za ka ga leda ko kumfa ko ɓawon kwakwa yana tafiya ciki maimakon ya dawo gaɓa. Ranar da kuka isa, kafin kowa ya cire takalmi, ka ja yaron gefe ku tsaya minti goma ku nemo irin wannan wuri tare. In ya gano shi da idonsa, ya fi wa'azin awa guda.

Ka kuma gaya masa abin yi in ƙaddara ta sa ruwa ya ɗauke shi. Kwararon ba ya jan mutum ƙasa, ciki yake kai shi, kuma yana mutuwa da kansa bayan ya wuce inda igiya ke fashewa. Gajiya ce ke kisa: mutum ya juya ya nufi gaɓa kai tsaye yana kokawa da ruwa, minti biyu hannu ya mutu. Abin yi shi ne ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, in numfashi ya dawo ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓa ba ya nufo ta ba, har ya fita daga kwararon, sannan igiya da kanta za ta turo shi waje. Ruwan teku ma ya fi na dam ɗaukar jiki, don kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Kai kuma da ke tudu, in ba horo gare ka ba, kada ka faɗa. Ka yi ihu, ka jefa abin da ke yawo a kan ruwa, jarka, kula, ƙwallo, duk abin da hannunka ya kai. Iya ruwa fidda kai ne, kuma na sha ganin inda mutum ɗaya ya shiga matsala aka fito da gawa biyu.

Wata rana da rani, shekarun baya, na raka baƙi wani bakin teku a wajen Lekki. Wani dattijo da ke kusa da mu, da ganin shigarsa daga gida ya zo, ya sa shadda mai sitati, babbar riga da 'yar ciki, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya juya wa teku baya ɗansa na ɗaukarsa hoto. Ruwan ko ƙwaurinsa bai kai ba. Igiya shida bakwai suka zo ƙanana, sai ta takwas ta zo babba, ta buge shi ta baya ya zauna daɓas, da ta juya sai ta kwashe yashin ƙarƙashinsa. Babbar rigar ta sha ruwa ta buɗe kamar laima, ruwa ya samu abin kamawa. Mu uku muka ja shi, ni na riƙe wuyan rigar, har ɗinkin ya yage a hannuna. Hular dai ba a sake ganinta ba. Ya zauna a yashi yana tari yana salati, ɗan kuma yana tsaye da waya a hannu bai ma motsa ba, don abin bai kai daƙiƙa ashirin ba. Tun daga ranar ba na barin kowa nawa ya kusanci ruwa da babbar riga, ko zani mai ja, ko hijabi har ƙasa, kuma ba a juya wa teku baya. Matan gidanka ba sai sun sauya shigar mutunci ba: dogon wando da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi mai kama kai sun wadatar, in dai jiƙa ƙafa ne.

Yanzu batun inda za ku je.

In yayanka ya ce maka Bar Beach, ka san labarin da yake ba ka na da ne. Wurin da iyayenmu suka sani a Victoria Island yanzu an cike shi da yashi, a kai ake gina sabon garin da ake kira Eko Atlantic. Labarin cinyewarsa ma abin sani ne: wajen 1908 Turawa suka fara jera manyan duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. To yashin gaɓar nan daga yamma yake tafiya gabas. Duwatsun suka tare shi, ya riƙa taruwa a yamma, gabas kuma teku ya yi ta ci ba a mayar masa, har ruwa ya riƙa hawa titi. Amma duwatsun nan su ne suka haifar da wuri ɗaya da nake iya cewa mai iyali ya kai yara su shiga ruwa, wato Tarkwa Bay. Yana cikin lungu tsakanin katangun dutsen, igiya tana rasa yawancin ƙarfinta kafin ta iso, ƙasan kuma a shimfiɗe yake. Ba a zuwa da mota, sai ta jirgi, kusan minti 15 zuwa 20 daga Marina ko daga tashar Falomo a Ikoyi. Ka ga tafiya ɗaya ta biya wa yara buƙata biyu, ga jirgi ga teku, kuma a hanya za su wuce ta gefen manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa, abin da yaron Kano ba zai manta ba.

Sai dai ko a can akwai iyaka. Gefen duwatsun ba wurin wasa ba ne, suna da santsi da kaifi, ruwa kuma yana bin jikinsu da gudu. In ka tsallaka katangar yamma za ka faɗa wani dogon bakin teku mai kyau, babu kowa, ana ce masa Lighthouse. Kyansa na ido ne. Buɗaɗɗen teku ne, babu mai ceto. Ƙa'idata ga yara a Tarkwa ita ce ƙanana zuwa gwiwa, babban zuwa ƙugu, kowane ƙarami da babba ɗaya a tazarar da hannu zai kai. A raba aikin da suna: kai naka wane, uwarsu nata wance. In aka ce "kowa ya sa ido", to babu mai sa ido. Kuma nutsewa ba ta da ihu irin na fim. Yaro tsaye yake yi a ruwa, kai a ɗage, baki yana shiga yana fita, ba ya iya kira, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. Wanda ke tsaron yaro ba ya riƙe waya.

Sauran wuraren da za a ambata maka a layin Lekki, irin su Elegushi da waɗanda ke can gaba wajen Ajah, da mota ake zuwa, ana biyan kuɗin shiga, a biya na rumfa, wani wurin har na ajiye mota da na shigo da abinci. Ba zan faɗi farashi ba don yana canzawa, ranar biki ma ninkawa yake, ka tambaya kafin ku fito kuma ka yi ciniki kafin ku zauna a rumfar kowa. Wurare ne na zama a sha iska, a hau doki, a ci tsire. Da yawa daga masu dokin da masu tsiren namu ne, za ka ji Hausa tana tashi. Amma ruwansu na kallo ne da jiƙa sawu, ban yarda yaronka ya yi iyo a ciki ba komai kwanciyar da ya yi. Sannan tunda da Hajiya za ku, ka lura da lokaci. Daga jajiberin Kirsimeti zuwa 1 ga Janairu, da kowace Lahadi da yamma, wuraren nan cika suke yi maƙil, ga kiɗa ga giya ga shigar da ba za ka so ka zauna da mahaifiyarka kana gani ba. Ranar Talata ko Laraba da hantsi kuwa kamar naku ne ku kaɗai.

Disamba kun dace da ita ta fuskar ruwa. Teku ya fi hauka da damina, musamman Yuni zuwa Satumba. Da rani yana lafawa. Matsalar Disamba biyu ce a wurinmu: hazo da safe, wanda wani lokaci ke hana matuƙi ganin gabansa, da ciyawar nan mai kama da kainuwa da ke rufe ruwa ta wajen Ikorodu a ƙarshen shekara tana naɗe farfelar inji. Akwai kuma abin da kai Musulmi ka fi kowa sauƙin lissafawa. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini, tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke matsawa da wajen minti 50. Wata ne ke jan sa. Cikowar ta fi girma, janyewar ta fi ƙarfi, a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wato kwanakin da ake azumin fararen kwanaki. Ka duba kalandar Musulunci, in da hali ka sa ranar teku a wajen 7 ko 8 ga wata, ko 22 da 23, lokacin ruwa ya fi ladabi. Kwararon da na gaya maka ya fi tsanani sa'ad da ruwa ke janyewa, don haka ka tambayi matuƙin da ya kai ku ƙarfe nawa ruwa zai fara sauka.

Sai jirgi, wanda nan ne sana'ata. Ku hau a tashar da hukuma ta sani, inda akwai tikiti da rubuta suna da ma'aikata. Jihar Legas tana da hukumar ruwa, LASWA, tun 2008, ta tarayya kuma ita ce NIWA, sannan akwai jiragen gwamnatin jiha na LAGFERRY, manya masu rufi, sun fi dacewa da tsohuwa da ƙananan yara a kan ƙananan jiragen faiba masu gudu. Kada ka bi wanda ya tare ka a ƙarƙashin gada ya ce zai rage maka kuɗi. Rigar kariya, wadda a tasha za ka ji ana ce wa laif jaket, dole ce ga kowa, har kai, har yaron da ya iya iyo. Ratayawa a wuya ba sakawa ba ce. A zuge ta, a ɗaure maɗaurin, sannan ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga: in ta haura kunnen yaro, ta yi masa yawa, a ruwa zai zame ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Jirage da yawa ba su da ta ƙananan yara. Ka saya musu nasu kafin ranar, kuɗinta bai kai na takalmin Sallah mai kyau ba, ka bar wa yayanka su in za ku tafi. Ka matsa soson ciki ka ji, in ya ruɓe ya zama gari ka ce a canza maka. Kuma kada a goya jariri a cikin jirgi, a riƙe shi a gaba.

Ka ƙirga mutane da idonka. In kujera ta ƙare ana ƙara fasinja, ko ka ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, ku sauka ko da kun biya. Kunyar sauka ita ke kashe namu, mutum ya ga abin bai yi masa ba amma ya ce kar a ce ya cika tsoro. Dare kuwa babu shi a lissafi, hukuma ma ta hana. A Yulin 2022, daren jajiberin Babbar Sallah, wani jirgi ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan magariba, ruwa ya ja shi ya kai shi ƙarƙashin wani babban kwale-kwalen dakon kaya da ke tsaye, ya kife. Mutum fiye da 15 suka rasu, da yawansu dangi ɗaya, Sallah za su yi a gida. Tafiyar ba ta da nisa, kuma hanya ce da suka saba bi. A Disamba rana tana faɗuwa wajen shida da rabi a Legas, ni kuwa baƙona ƙarfe huɗu yake barin Tarkwa. Jirgin ƙarshe shi ne kowa ke rububi, shi ake yi wa lodi fiye da kima, shi matuƙi ke gudu da shi don ya riga duhu.

A cikin jirgi Hajiya ta zauna a tsakiya ko ta baya-baya, gaba ya fi dukan ruwa, mai ciwon baya zai ji a jikinsa. Shiga da fita su ne wurin faɗuwa, mutum biyu su riƙe ta, ɗaya a jirgi ɗaya a dakali, kuma kada kowa ya ɗora yatsu a bakin jirgi lokacin da zai jingina. A ci abu kaɗan kafin a hau, ba ciki wayam ba, ba kuma a ƙoshe da mai ba. Wanda ya ji jiri ya ɗaga kai ya dubi nesa inda ruwa ya haɗu da sama, ya bar kallon waya, ya tauna citta. Wayoyi a leda mai zif. In kun zauna ka karanta musu "Bismillahi majreha wa mursaha", yara suna son jin cewa addu'ar jirgin Annabi Nuhu ce.

Abokinka na Ikorodu shi zai ba ka dalilin hawa jirgi na biyu. Daga Ikorodu zuwa tsibirin Legas ta ruwa bai cika kai awa ɗaya ba, a mota kuwa in gosulo ya kama sai Allah. Wannan ruwan ba teku ba ne, tafkin Legas ne da ake kira lagun, ya fi kwanciya, za ku hangi gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 daga ƙasa. Ba ruwan wanka ba ne, duk ƙazantar gari a ciki take ƙarewa. Na Obalende kuwa dab yake da Falomo, sai ka haɗa ziyararsa da ranar Tarkwa, ko ma ku kwana a wurinsa in yana da wuri, don daga Agege zuwa Ikoyi da safiyar ranar aiki tafiya ce guda.

In kwana ya ragu, ku ba Badagry yini ɗaya cur, ku fita da asuba. Akwai gidan bene da 'yan mishan suka gina a 1845, da kurkukun bayi na Seriki Abass, sannan a tsallaka ruwa da kwale-kwale, 'yan mintuna, zuwa tsibirin Gberefu, a taka da ƙafa har bakin teku, hanyar da aka bi da bayi zuwa jirgi. Ka gaya wa yaranka cewa labarin bai tsaya a kan mutanen Kudu ba. Daga wannan gaɓa aka kwashi Hausawa da yawa zuwa Bahia a Burazil, har suka yi bore a can a 1807, Musulmin bayi kuma suka sake yin babba a 1835. Baturen nan mai yawon bincike Clapperton ma ta Badagry ya shigo a ƙarshen 1825, ya bi ta Kano, ya rasu a Sakkwato a 1827. Tafiyar ƙafar akwai rana da yashi, ba lallai Hajiya ta iya ba, ta zauna a inuwa ta jira. Tekun can ma na kallo ne.

To, ga maganar da ba ka tambaya ba amma ta fi ta teku yawan ɓata hutu. Ku bakwai ne za ku sauka wa mutum a Legas. Gidan Agege ba gidan Kano ba ne, babu zaure, babu tsakar gida, ƙila ɗaki biyu ne da falo, ruwa saye ake, wuta sai janareta. Yayanka ba zai taɓa gaya maka ba, zai ce "gidanka ne", matarsa kuma ita za ta sha wahalar. Ka taho da abin da ke da araha a wurinka yake da tsada a wurinsu: shinkafa, wake, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, man shanu, kilishi, ƙuli-ƙuli. Ka damƙa wa maiɗakinka kuɗin cefane ta san yadda za ta shigar da shi ba tare da an ji kunya ba, mata sun fi mu iya wannan. Kuɗin jirgi da na shiga da na mota kuwa naka ne, har na 'ya'yansa, kuma da su za a je. Kar ka yi mamaki in ka tarar yaran da aka haifa a Agege ba su taɓa ganin teku ba, da yawa haka suke. Ka tuna shi ba hutu yake ba, kasuwa ko aiki na jiransa, kada ka sa shi rakiya kullum. Cikin kwana goma, fita ruwa biyu ko uku ta isa. Sauran na gaishe-gaishe ne, don Agege tsohon zango ne, cinikin goro ya zaunar da Hausawa a nan tun zamanin kakanni, har da Sarkin Hausawa, kuma da Hajiya ta sauka za ka ga 'yan garinku suna ɓullowa ta ko'ina. Kwana biyun farko ka bar mata su. Tunda kun yi niyyar zama fiye da kwana huɗu, a mazhabarmu ta Malikiyya sallah cikakkiya za ku yi.

A bakin teku in azahar ta yi, ruwansa mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar. Amma ka ɗebo a buta ka hau tudu, kada ka tsuguna a bakin igiya. Alƙibla a Legas gabas ce mai karkata arewa, in ka tsaya daidai teku zai kasance a damanka, ɗan baya kaɗan.

Ku ɗauki ruwan sha fiye da yadda kuke zato, iskar teku tana ɓoye zafin rana, mutum bai san ya bushe ba sai kai ya fara sarawa. Silifa a ƙafa saboda fasassun kwalabe da zafin yashi. In wani abu mai kama da leda a ruwa ya harbi yaro fata ta yi ja tana raɗaɗi, a wanke da ruwan teku, ba da na sha ba, kada a murza. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767, ka sa a wayar kowa. In kuwa, Allah ya kiyaye, an tsamo mutum ba ya numfashi, kada a tsaya danna ciki wai a fitar da ruwa. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a hura masa numfashi a baki, sannan danna ƙirji 30 hurawa 2, a yi ta yi har taimako ya zo. Wanda ya shaƙi ruwa ya farfaɗo, ko ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, musamman in yana tari ko numfashinsa na sauri.

Ranar Tarkwa, da ni ne kai, ga yadda zan yi. Mu bar gida bayan sallar asuba da kular abinci da kayan canji, ƙarfe tara muna kan ruwa. In kama rumfa ta kusa da inda mutane suke, in shimfiɗa wa Hajiya darduma ta miƙe ƙafa, a sare mata kwakwa ta sha. In ja babban mu je mu karanta ruwa, sannan in naɗa shi mai tsaron ƙaninsa, don yaron da aka ɗora wa amana ba ya samun sukunin yin bajinta. In karɓi lambar matuƙin da ya kawo mu, in biya shi rabin kuɗi, rabi sai ya dawo. Ƙarfe uku da rabi a fara kakkaɓe yashi ana neman takalmin auta.